Fernando Torres: abin da ya faru tsakanin Anfield da Stamford Bridge

A Liverpool, Fernando Torres ya buga wasa 142, ya ci ƙwallo 81, ya tafi bai ɗaga kofi ko guda ba. A Chelsea ya buga wasa 172, ya ci 45 kacal, amma a can ne ya ɗauki Kofin Zakarun Turai da Kofin FA da na Europa. A cikin waɗannan shekarun kuma ya ci Kofin Nahiyar Turai sau biyu da Kofin Duniya sau ɗaya tare da ƙasarsa Sifaniya. Duk wanda ya jera alƙaluman nan zai gane dalilin da ya sa har yau ba a daina musu a kansa ba. Inda ya fi taka rawar gani ya fita hannu rabbana, inda aka fi yi masa dariya kuwa nan ya tara kofuna.

Bayanin da aka fi ji a bakin masu kallon Firimiya gajere ne. Wasu su ce alhakin magoya bayan Liverpool ne ya kama shi, wasu su ce nauyin fam miliyan 50 ne ya danne shi. Ni dai babu wanda ya gamsar da ni. Abin da nake gani shi ne, Torres ɗin da ya addabi Turai daga 2007 zuwa 2009 ya riga ya canja tun kafin ya sa hannu a takardar Chelsea, kuma canjin ya faru ne a 'yan watanni na 2010, daga ɗakin tiyata a Barcelona zuwa filayen Afirka ta Kudu. Chelsea ta zo daga baya ta ƙara dagula lamarin, domin ta sayi ɗan wasan da bai dace da tsarinta ba. Kafin a fahimci wannan, sai an san wane irin ɗan wasan gaba ne shi tun asali.

An haife shi ranar 20 ga Maris 1984 a Fuenlabrada, wani gari da ke kudu da birnin Madrid. Kakansa ne ya cusa masa son Atlético Madrid, kuma yana ɗan shekara 11 ya shiga sashen horar da yara na ƙungiyar. Lokacin da ya isa shiga babbar tawaga, Atlético na cikin mawuyacin hali. Ta faɗa rukuni na biyu a 2000, shekara huɗu kacal bayan ta haɗa La Liga da Copa del Rey a kaka ɗaya. A wannan rukunin ne ya fara buga mata wasa, ranar 27 ga Mayu 2001 da Leganés, yana ɗan shekara 17, mako guda bayan nan ya ci ƙwallonsa ta farko a ragar Albacete. Koci Luis Aragonés ne ya dawo da ƙungiyar La Liga a 2002. Torres ya ci 13 a kakarsa ta farko a babbar gasa, ya ci 19 a ta biyu, aka ɗaura masa kambun kyaftin yana ɗan shekara 19.

Kambun nan kaya ne mai nauyi a wuyan yaro. Atlético ta wancan lokacin ba ita ce ta koci Diego Simeone da aka sani daga baya ba. Ƙungiya ce mai yawan canja koci, mai ƙarewa a tsakiyar teburi, wadda ba ta doke Real Madrid ko sau ɗaya ba a duk zamansa na farko. Duk burin magoya baya a kan yaro ɗaya yake. Yakan ba su ranakun farin ciki, musamman idan an haɗu da Barcelona: ya ci biyu a Camp Nou, filin Barcelona, a 2005, ya sake cin biyu a can a 2006, Atlético ta yi nasara a duka wasannin. Amma a Mayun 2007 Barcelona ɗin ta zo har gida, filin Vicente Calderón, ta zuba musu 6-0. A bazarar nan ya koma Liverpool a kan kimanin fam miliyan 20, kuɗi mafi yawa da ƙungiyar ta taɓa kashewa a kan ɗan wasa a lokacin.

'Yan wasan gaba iri-iri ne. Akwai wanda yake juya wa raga baya, ya tare ƙwallo da ƙirji, ya yi kokawa da mai tsaron baya har abokansa su iso. Didier Drogba ke nan. Akwai wanda yake laɓewa a cikin yadi na 18 yana jiran ƙwallo ta faɗo masa. Torres ba ya cikin waɗannan biyun. Shi yakan tsaya ne a kafaɗar mai tsaron baya na ƙarshe, fuskarsa na kallon raga, yana jiran a jefa ƙwallo a bayan layi. Makaminsa shi ne takun farko: taku uku zuwa huɗu da yake yi kafin mai tsaron baya ya gama juyawa. Yana da tsayi da ƙarfi, yana ci da ka, yana ci da ƙafa biyu, amma duk waɗannan a kan wancan tashin farko suka dogara. Irin wannan ɗan wasa yana buƙatar fili a bayan abokan hamayya, yana kuma buƙatar mutumin da zai ba shi ƙwallo da wuri, tun kafin filin ya rufe.

Abin da ya tarar a Liverpool ke nan. Rafael Benítez ya gina ƙungiyar da take matse fili idan ba ta da ƙwallo, da zarar ta ƙwace kuma sai ta harba gaba ba tare da ɓata lokaci ba. Javier Mascherano ne mai ƙwacewa, Xabi Alonso mai dogon fasin, Dirk Kuyt mai gudu ba gajiya a gefen dama, Steven Gerrard kuma aka matso da shi gaba ya tsaya a bayan Torres. Gerrard ba ya son taɓa ƙwallo sau uku idan sau ɗaya ya isa. Yana ɗaga kai ya ga Torres ya motsa, sai ya saki. Haka ƙwallonsa ta farko a Anfield, filin Liverpool, ta zo, ranar 19 ga Agusta 2007: Gerrard ya jefa masa, ya wuce Tal Ben Haim kamar ba ya nan, ya ajiye ta a gefen Petr Čech. Ƙungiyar da aka zura wa ƙwallon kuwa Chelsea ce.

A kakar farko ya ci 24 a Firimiya, 33 a duka gasa. Ya karya tarihin Ruud van Nistelrooy na baƙon da ya fi cin ƙwallo a kakarsa ta farko a Firimiya, ya kuma zama ɗan Liverpool na farko da ya kai 20 a gasar tun bayan Robbie Fowler a 1996. A Gasar Zakarun Turai ya ci Inter Milan a San Siro, ya ci Arsenal, ya ci Chelsea a wasan daf da na ƙarshe duk da cewa Liverpool ce aka fitar.

Sai bazarar 2008. Sifaniya ta yi shekara 44 rabonta da babban kofi, tun 1964. Aragonés, wanda ya koma kocin ƙasa a 2004, ya ajiye Raúl, ya gina tawaga a kan Xavi da Andrés Iniesta da David Silva, ya sa David Villa da Torres a gaba. Villa ne ya fi kowa ci a gasar da ƙwallo huɗu, amma ya ji rauni a wasan daf da na ƙarshe da Rasha, don haka Torres ya tsaya shi kaɗai a gaba ranar 29 ga Yuni a birnin Vienna. A minti na 33 Xavi ya zura ƙwallo tsakanin masu tsaron bayan Jamus. Duk wanda ya sake kallon ƙwallon nan zai ga Philipp Lahm ne a gaba, shi ya fi kusa da ita, ya ma sa jikinsa ya tare hanya. Torres ya zagayo ta bayansa, ya riga shi, ya ɗaga ta saman Jens Lehmann. Da ita aka tashi, 1-0. Ba shi ne karon farko da ya yi wa Sifaniya haka ba: shi ya ci ƙwallo ɗaya tilo a wasan ƙarshe na 'yan ƙasa da shekara 16 a 2001, da na 'yan ƙasa da 19 a 2002. A ƙarshen 2008 ya zo na uku a kyautar Ballon d'Or, bayan Cristiano Ronaldo da Lionel Messi.

Mako mafi girma a zamansa na Liverpool ya zo a Maris 2009. Ya buɗe cin da aka yi wa Real Madrid 4-0 a Anfield, bayan kwana huɗu aka je Old Trafford aka doke Manchester United 4-1. A wasan nan Martin Škrtel ya buga doguwar ƙwallo don kawai ya kawar da ita daga gida, Nemanja Vidić ya bari ta yi tsalle sau ɗaya, kafin ya ankara Torres ya ɗauke ta ya wuce. Irin wannan ƙwallon da ta Vienna uwarsu ɗaya: mai tsaron baya yana gaba, yana ganin ƙwallo tasa ce, sai ya tarar an riga shi da rabin taku. A riƙe wannan rabin takun, domin shi ne jigon labarin.

Liverpool ta ƙare ta biyu a kakar da maki 86, maki huɗu tsakaninta da United. Torres wasa 24 kawai ya buga a gasar saboda ciwon tsokar cinya da ke ta dawo masa. Wannan ita ce alama ta farko. Ta biyu kuma daga ofis ta fito. Masu ƙungiyar, Amurkawa biyu Tom Hicks da George Gillett, sun ɗora mata bashi, suna kuma rigima da juna. Aka sayar da Alonso ga Real Madrid a Agustan 2009. Kakar da ta biyo baya Liverpool ta faɗo ta bakwai, duk da cewa Torres ya ci 18 a wasa 22 na Firimiya. A lura da wannan adadi, domin yana nuna cewa har zuwa farkon 2010, muddin yana cikin fili, shi ne dai.

A Janairun 2010 aka yi masa tiyata a gwiwarsa ta dama saboda guringuntsin da ya yage. Ya dawo, ya ci gaba da ci, har ya zura wa Benfica biyu a gasar Europa ranar 8 ga Afrilu. Gwiwar ta sake tashi. Lokacin tokar dutsen da ya yi aman wuta a Iceland ta hana jirage tashi a Turai, sai ta ƙasa ya bi zuwa Barcelona, aka sake buɗe gwiwar ranar 18 ga Afrilu. Wasan Sifaniya na farko a Kofin Duniya kuwa ranar 16 ga Yuni ne. Wato ƙasa da wata biyu tsakanin wuƙar likita da gasa mafi zafi a duniya, a gwiwar da aka yi wa aiki sau biyu cikin wata huɗu.

Ba na ganin laifinsa a kan abin da ya zaɓa. Yana ɗan shekara 26, ƙasarsa ba ta taɓa cin Kofin Duniya ba, kuma kowa ya san wannan tawagar ce za ta iya. Wane ɗan wasa ne zai ce a bar shi ya huta? Ya matsa wa kansa, ya samu shiga tawagar Vicente del Bosque. Amma wanda aka gani a Afirka ta Kudu ba mai lafiya ba ne. Ya fara wasannin Honduras da Chile da Portugal da Paraguay, bai ci ko ɗaya ba, kuma a na Portugal da na Paraguay ba a kai minti 60 ba aka cire shi. A wasan daf da na ƙarshe da Jamus aka ajiye shi a benci aka sa Pedro. A wasan ƙarshe da Holan, ranar 11 ga Yuli a Johannesburg, sai a ƙarin lokaci ya shigo. Ƙwallon da ya ɗaga cikin yadi na 18 ce aka mayar ta faɗa ƙafar Cesc Fàbregas, shi kuma ya miƙa wa Iniesta ya ci a minti na 116. Kafin a busa tashi Torres ya bi wata doguwar ƙwallo, ya faɗi yana riƙe da matsematsinsa. Da sabon rauni ya karɓi lambar zinare.

Ya koma Liverpool ya tarar Benítez ya tafi, Roy Hodgson ne koci, Mascherano kuma na kan hanyar Barcelona. Daga cikin mutum uku da suke ciyar da shi ƙwallo, Gerrard kaɗai ya rage. Ƙungiyar ta yi ta yawo a ƙasan teburi, rigimar mallakarta ta kai kotu kafin sababbin masu ita su karɓa a Oktoba. A wannan rabin kakar ya ci tara a wasa 23, biyu daga ciki a ragar Chelsea ranar 7 ga Nuwamba 2010. Masu cewa lafiyarsa ƙalau har ya bar Anfield da wannan wasan suke kafa hujja. Ni kuwa a ganina wannan wasan ne ya ruɗi Chelsea. Ƙwarewarsa ba ta tafi ba, yana iya nuna ta a rana ɗaya. Abin da ya ragu shi ne iya maimaita wancan tashin farko sau goma a wasa, mako bayan mako. Ɗan wasan da ya dogara da ƙarfi ko wayon tsayuwa zai iya rasa rabin taku ya ci gaba da sana'arsa. Wanda rabin takun ne jarinsa kuwa, idan ya rasa shi, mai tsaron bayan da yake bari a baya jiya shi zai tarar a gabansa yau.

A nan akwai inda Torres yake da nasa kason. Kwana uku kafin rufe kasuwar Janairun 2011 ya rubuta takardar neman a sayar da shi, kuma ƙungiyar da ya zaɓa abokiyar gabar Liverpool ce a wancan zamanin. Dalilinsa a fili yake: yana dab da shekara 27, bai ci kofi ko ɗaya da wata ƙungiya a babban mataki ba, sababbin masu Liverpool kuma gini za su fara daga tushe. Amma yadda tafiyar ta kasance ya ƙona zukatan mutanen da suka ƙaunace shi, har wasu suka cinna wa rigarsa wuta. Ranar 31 ga Janairu Chelsea ta biya fam miliyan 50, mafi tsada a tarihin Birtaniya a lokacin. Liverpool ta ɗauko Andy Carroll a kan miliyan 35, ta kuma kammala sayen Luis Suárez daga Ajax.

Chelsea ta Carlo Ancelotti an gina ta ne a kan Drogba. Ana ɗaga masa ƙwallo, ya riƙe, Frank Lampard ya taso daga tsakiya ya ƙarasa. Lampard mai cin ƙwallo ne da kansa, gudunsa cikin yadi na 18 yake ƙarewa, daidai wurin da Torres ke son shiga. Babu mai yi masa abin da Gerrard ke yi. Ƙari a kan haka, yawancin ƙungiyoyin da ke zuwa Stamford Bridge, filin Chelsea, komawa baya suke yi su tare gida, su bar wa Chelsea ƙwallo. Ina filin da za a yi gudu? Kamar dokin sukuwa ne aka shigar da shi lungu, ga shi kuma dokin bai gama warkewa ba. Ancelotti ya gwada haɗa shi da Drogba, ya gwada shi da Nicolas Anelka, abin bai zauna ba. Wasansa na farko da Liverpool ne, aka doke Chelsea 1-0 a gida. A Old Trafford, a zagayen kusa da daf da na ƙarshe na Zakarun Turai, aka fara da shi aka cire shi a hutun rabin lokaci, Drogba ya shigo ya ci. Sai ranar 23 ga Afrilu ya ci ƙwallonsa ta farko, a ragar West Ham. Bayan wata guda aka sallami Ancelotti.

Daga nan matsalar ta tashi daga ƙafa ta koma zuciya. Ranar 18 ga Satumba 2011 a Old Trafford ya ci ƙwallo mai kyau, ya yi wasa mai kyau, sannan ya yanke David de Gea ya rage daga shi sai raga, ya buga waje. Duniya ta manta da ƙwallon da ya ci, ta riƙe wadda ya zubar. Mako na gaba ya ci Swansea, aka ba shi jan kati a wasan. Daga tsakiyar Oktoba zuwa tsakiyar Maris, wata biyar cur, bai ga raga ba. Wanda ya kalli wasanninsa na lokacin zai tuna yadda yake fita gefe neman ƙwallo, yadda yake miƙa wa wani a inda Torres na 2008 zai buga ba tare da tunani ba. Ɗan wasan gaba idan ya fara shawara da kansa a gaban raga, mai tsaron baya ya riga ya iso. Kuma babu kocin da ya daɗe har ya gyara shi: cikin shekara uku da rabi ya yi aiki da Ancelotti da André Villas-Boas da Roberto Di Matteo da Benítez da José Mourinho.

Duk da haka, masu cewa bai tsinana wa Chelsea komai ba sun yi masa rashin adalci. Ranar 24 ga Afrilu 2012 a Camp Nou, Chelsea na wasa da mutum goma bayan korar John Terry, Barcelona ta tattara kowa a gaba. Aka buga ƙwallo sama don a huta, ta faɗo wa Torres da rabin fili babu kowa a gabansa. Ya ja ta, ya yanke Víctor Valdés, ya ci. A daren nan ya samu filin da ya yi wata goma sha biyar yana nema. A wasan ƙarshe a Munich ranar 19 ga Mayu, wanda John Mikel Obi ya buga daga farko har ƙarshe, Torres ya shigo ana saura 'yan mintuna, Bayern na gaba da 1-0. Shi ya samo kwanar da Juan Mata ya ɗaga Drogba ya farke da ka. Shekara guda bayan haka, a Amsterdam, shi ya fara ci a wasan ƙarshe na Europa da Benfica, aka tashi 2-1. A wannan kakar ta 2012 zuwa 2013 ya ci 22 a duka gasa, mafi yawa a zamansa na Chelsea, kuma ba abin mamaki ba ne cewa Benítez ne koci a mafi yawan kakar. A Firimiya kuwa, inda ake auna ɗan wasan miliyan 50, ƙwallo 20 ya ci a wasa 110. Wannan adadin ba ya karɓar uzuri.

Labarinsa da Sifaniya ma yana da irin wannan sarƙaƙiya. Bayan 2008 tawagar ta ƙara nutsewa cikin wasan gajeren fasin da riƙe ƙwallo, abokan hamayya kuma suka koyi komawa baya gaba ɗaya. Tsarin ya fi dacewa da Villa, wanda ke iya wasa a matsattsen wuri ko ya taso daga hagu. A gasar Turai ta 2012 Villa bai je ba saboda karayar ƙafa, amma maimakon Del Bosque ya miƙa wa Torres wurin, sai ya riƙa fara manyan wasanni babu ɗan wasan gaba na ainihi, Fàbregas ne ke tsayawa a wurin. Da ɗan lokacin da ya samu, Torres ya ci Ireland biyu, ya shigo daga benci a wasan ƙarshe da Italiya a Kyiv ya ci ɗaya, ya ba Mata ɗaya, aka tashi 4-0. Ya karɓi takalmin zinare da ƙwallo uku a minti 189, ya kuma zama ɗan wasa na farko da ya ci a wasannin ƙarshe biyu daban-daban na gasar. A Kofin Zakarun Nahiyoyi na 2013 a Brazil ya sake karɓar takalmin zinare da ƙwallo biyar: huɗu a ragar Tahiti, ɗaya kuma da ka a ragar Vincent Enyeama, ranar da Sifaniya ta doke Super Eagles ta Stephen Keshi 3-0 a Fortaleza. Ƙwallonsa ta ƙarshe ga ƙasarsa a ragar Ostireliya ce a Kofin Duniya na 2014, bayan an riga an fitar da Sifaniya. Ya tsaya a wasa 110 da ƙwallo 38, na uku a lokacin bayan Villa mai 59 da Raúl mai 44.

Mourinho ya kawo Diego Costa a 2014, aka tura Torres aro AC Milan, inda ya ci ƙwallo ɗaya a wasa goma na Serie A. Mutane da yawa sun ɗauka nan ne ƙarshe. Sai a Janairun 2015 ya koma Atlético, mutum kusan 45,000 suka cika Calderón don kawai su ga an gabatar da shi. Ranar 15 ga watan ya je Bernabéu, gidan Real Madrid, filin da bai taɓa ci ba a zamansa na farko, ya ci a minti na farko na kowane rabi, Atlético ta fitar da Real daga Copa del Rey.

Abin da Simeone ya yi da shi ya ƙara ƙarfafa min abin da nake faɗa. Bai nemi ya dawo da yaron 2008 ba. Ya sa shi cikin ƙungiyar da ke tsare gida ta kai harin ba-zata, wadda abokan hamayya ke barin fili a bayansu idan sun taso mata, ya haɗa shi da Antoine Griezmann, ya kuma rage masa yawan wasa. A kakar 2015 zuwa 2016, yana ɗan shekara 31 zuwa 32, ya ci 11 a La Liga, fiye da abin da ya taɓa ci a kowace kakar Firimiya da Chelsea. A kakar ce ya cika ƙwallo 100 a rigar Atlético. A Zakarun Turai ya ci Barcelona a Camp Nou kafin a kore shi da katin gargaɗi biyu, ya ba Griezmann ƙwallon da ta fitar da Bayern a Munich, a wasan ƙarshe a Milan kuma shi aka yi wa ƙetar da ta jawo fenaretin da Griezmann ya buga ya bugi sandar saman raga. Real ta ɗauki kofin a bugun fenareti.

Kofin da ya yi ta nema da ƙungiyar yarintarsa ya zo ranar 16 ga Mayu 2018 a Lyon, Atlético ta doke Marseille 3-0 a wasan ƙarshe na Europa, aka sako shi a mintunan ƙarshe. Bayan kwana huɗu ya buga wasan bankwana da Eibar ya ci biyu. Daga nan ya tafi Sagan Tosu ta Japan, ya rataye takalmi ranar 23 ga Agusta 2019 a wasa da Vissel Kobe, ƙungiyar da Iniesta da Villa ke bugawa a lokacin. A 2021 Atlético ta ba shi horar da 'yan ƙasa da shekara 19, a 2024 kuma ta ɗaga shi zuwa kocin ƙungiyarta ta biyu.